Harufa uku a bayan waya: yadda na gane sirrin sunayen manhajoji

Yau labarin kuskurena zan ba ku, don ta dalilinsa na fahimci wani abu da yake cikin wayar da ke hannunka yanzu haka.

Lokacin ina sabon kafa teburina bayan na bar wajen oga, akwai aikin da ya fi ƙarfina, irin wanda sai an hura zafi an ɗaga IC. Irin wannan sai mu kai wa wani yayanmu a layin, mu shida muke kai masa. Kowa zai liƙa salatif a bayan waya ya rubuta sunan mai ita. Wata Alhamis na kai waya, maƙwabcina ma ya kai tasa. Kamfani ɗaya, samfuri ɗaya, launi ɗaya, kuma masu su sunansu ɗaya. Ta kwastomana caji ne kawai ba ta ɗauka. Ɗayar kuwa mai ita ya yarda a goge komai a yi mata fulashin. Aka goge tawa.

Mai wayar dattijo ne, mai sayar da hatsi. Da na yi masa bayani bai yi faɗa ba, sai ya ce: "Yaro, hotunan mahaifiyata suna ciki, Allah ya ji ƙanta." Na ce: "Baba, ka yi haƙuri, ba zan karɓi ko sisi ba." Ya ɗauki wayarsa ya tafi. Wallahi da ma zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Washegari yayan namu ya tara mu. Ya ce daga yau kowa ya zaɓi harufa uku, ya riƙa sa su a gaban sunan kwastoma. Ya ɗauko littafi ya rubuta na kowa, ya ce harufan da wani ya riga ya ɗauka ba mai sake ɗauka. Lura da nan: ba harufan ne kaɗai suka raba gardama ba, littafin ne. Da kowa ya zaɓa a ransa bai faɗa ba, da wata rana biyu sun sake yin karo.

Daga baya, ina karance-karance a waya da daddare, sai na tarar masu haɗa manhaja sun daɗe da cin karo da irin wannan matsalar. Ba wanda yake rubuta manhaja daga farko har ƙarshe shi kaɗai. Yana ɗauko guntayen aikin da wasu suka riga suka rubuta, ana ce musu laburare: wannan na buɗe hoto, wancan na ajiye bayanai. Kowane aiki a ciki da sunansa. To in laburare biyu duk sun sa wa aikinsu suna ɗaya fa? Ko dai haɗin ya ƙi yiwuwa, ko kuma, wanda ya fi muni, a kira wannan, wancan ya amsa. Kamar ka tsaya a tsakiyar kasuwa ka ce "Muhammadu!"

Maganinsu irin namu ne. A yaren kwamfuta na C, SQLite, wanda yake ajiye bayanai a cikin wayoyin Android, sunayen ayyukansa da sqlite3_ suke farawa. Na libpng, mai buɗe hotunan PNG, da png_ suke farawa. A ɓangaren iPhone za ka ga sunaye masu farawa da NS, gadon NeXTSTEP ne, na kamfanin NeXT da Steve Jobs ya kafa a 1985, wanda Apple ya saya daga baya. Apple ya keɓe wa kansa harufa biyu, irin su NS da UI, ya shawarci sauran mutane su yi amfani da uku. Da na ga haka sai da na yi dariya, na tuna salatif ɗinmu.

Amma duniya ba layinmu ba ce, wa zai riƙe littafin? A nan yaren Java, wanda Sun Microsystems ya fitar a 1995, ya zo da dabara: ka ɗauki adireshinka na intanet ka juya shi baya. Tunda adireshi ɗaya ba ya zama na mutum biyu, littafin ya samu ke nan. Android ya gaji wannan tsarin. Shi ya sa ainihin sunan WhatsApp a wajen wayarka shi ne com.whatsapp, na WhatsApp Business kuma com.whatsapp.w4b, don haka suke zama a waya ɗaya ba rigima. Facebook com.facebook.katana ne, Messenger com.facebook.orca, Telegram kuma org.telegram.messenger. Sunan da kake gani a ƙarƙashin tambari riga ce kawai. Waya da wannan dogon take aiki.

To me wannan zai amfane ka?

Na farko, in kana son ganin ainihin sunan manhaja, buɗe ta a Play Store, ka danna ɗigo ukun nan na sama, ka zaɓi Share, ka kwafi adireshin. Abin da ya biyo bayan id= shi ne sunan. Play Store ba ya barin manhajoji biyu su riƙe suna ɗaya.

Na biyu, in aka turo maka fayil ɗin APK ka zo sakawa, waya ta ce "App not installed", sau da yawa dalilin shi ne akwai mai wannan sunan a ciki, amma sa hannun wanda ya haɗa su ya bambanta. Android yana duba suna, yana kuma duba sa hannu. Kada ka yi gaggawar cire tsohuwar don sabuwa ta shiga. Cire ta na iya tafiya da bayananka, kuma ƙin da waya ta yi kāre ka take yi.

Na uku, suna kaɗai ba shaida ba ne. Waya ba ta bincika ko mai manhajar shi ne mai adireshin da ya juya. Ɗan damfara na iya canza harafi ɗaya ya kwaikwayi tambari. Manhajar banki musamman, ka bi ta shafin bankin da kansa zuwa Play Store, kada ka karɓa ta hannun wani.

Na huɗu, kafin ka miƙa wa irinmu wayarka, ka ajiye kwafin hotunanka a wani wuri, kuma ka tsaya ka ga abin da aka rubuta a bayanta.

Dattijon nan har yau yana wucewa ta layinmu, muna gaisawa, amma bai sake kawo mini gyara ba. Ni kuwa duk wayar da ta hau teburina, kafin in taɓa sukurudireba sai na rubuta harufana uku. In ka taɓa cin karo da wancan saƙon, faɗa mana a ƙasa wace manhaja ce, mu duba tare.