KURE, GARIN RAƘUMAN DAWA: YADDA ƊAN MANOMI KE ZAMA JAGORA

Idan mutum ya fito daga Yamai ya kama hanyar Doso, bayan kilomita 60 zai iso Kure. Garin yana cikin ƙasar Kolo, jihar Tilaberi. Mutanensa Zabarmawa ne manoma, da Fulani makiyaya. Gero suke nomawa da wake, kamar mutanen Maraɗi da Damagaram. Rumbunansu ba su fi na kowa ba. Amma Allah ya ba su abin da babu irinsa a duk Afirka ta Yamma, wato raƙuman dawa.

Da can wannan dabba tana ko'ina, tun daga Senegal har bakin tabkin Cadi. Farauta da fari da saran itace suka ƙarar da ita. A shekarar 1996 aka ƙidaya, sai aka tarar 49 kaɗai suka rage, dukansu a Nijar. Gwamnati ta tsananta hana kashe su. Ƙungiyoyi suka kawo taimako, mutanen ƙauyuka suka ba da hannu. A shekarar 2018 sun wuce 600.

Raƙuman Kure ba cikin shinge suke ba. Suna yawo tsakanin gonaki da garken shanu. Da damina suna kan tudu, cikin jejin geza da sabara. Da rani sai su gangara kwarin Dallol Boso, wurin gawo. Kowane manomi ya san halin gawo: da damina yake zubar da ganye, da rani yake tohowa. Raƙumin dawa ma ya san haka.

Zama da su ba kullum yake da daɗi ba. Suna cin waken mutane, suna cin mangwaro a garka. Manomin da aka yi wa ɓarna yana da hakkin ya tambaya: mene ne amfanina da wannan dabba? Ɗaya daga cikin amsoshin ita ce aikin jagora.

RABIN SANA'AR A DAJI TAKE

Baƙi sun riƙa zuwa Kure daga Faransa, Jamus, Amurka da sauran ƙasashe. Wasu kuma ma'aikata ne daga Yamai, da ƴan lakwal tare da malamansu. Baƙo yana da mota, yana da kuɗi, amma bai san daji ba. In ya shiga shi kaɗai sai ya yini bai ga komi ba, ko ya tattake gonar wani. Saboda haka aka tsara cewa baƙo ya tsaya bakin hanya, ya biya kuɗin shiga, ya ɗauki jagora. Jagororin ƴan ƙauyukan wurin ne, kuma sun kafa ƙungiyarsu.

Yaron da ya tashi yana kiwo ya riga ya sami rabin wannan sana'a. Ya san sawu. In ya duba ƙasa zai gane na jiya ne ko na yau da safe. Ya san kashin dabba, ɗanye da busasshe. Ya san sunan kowane icce da lokacin da yake fure. In ya ga makiyayi ya san yadda zai gaishe shi, ya tambaye shi inda ya ga raƙuma. Wannan ilimi ba a saye shi a kasuwa, kuma ɗan birni ba ya da shi.

RABI KUMA SAI AN KOYA

Amma sanin daji kaɗai bai isa ba. Ga abin da mai son aikin jagora yake koyo.

Na farko, magana. Baƙo yana da tambaya da yawa. Jagora yana koyon Faransanci daidai gwargwado, wasu har da ɗan Ingilishi. Ya iya faɗin cewa raƙumar dawa tana ɗaukar ciki wata 15, tana haihuwa a tsaye, kuma ɗan da ta haifa ya kai tsawon babban mutum. In bai san amsa ba, ya ce bai sani ba. Ƙarya ɗaya tana kore baƙo goma.

Na biyu, karatu da rubutu. Kowane raƙumin dawa yana da zanen jikinsa, ba ya kama da na wani. Da haka ake ƙidaya su: a ɗauki hoton gefen dama da na hagu, a rubuta namiji ne ko mace, babba ko ƙarami, da wurin da aka gan shi. Jagoran da ya iya riƙe kaye da bik yana shiga wannan aiki tare da ma'aikatan gandun daji. Wanda bai iya ba, sai dai ya nuna da yatsa.

Na uku, lissafi. Akwai kuɗin shiga, akwai na mota, akwai ladan jagora. Kowanne da tikitinsa. Wanda ya iya lissafi ba ya cutar baƙo, ba a kuma cutarsa. Ƙungiyar da ba ta rubuta shiga da fitar kuɗinta, rigima ce ƙarshenta.

Na huɗu, ladabin aiki. Jagora ya zo kan lokaci, da tufa mai tsabta. Ya hana direba kora dabbobi da mota. Ya hana baƙi ihu, ko matsawa kusa da mai jego. Kada a bi ta cikin shuka. Kada a ɗauki hoton matar wani a bakin rijiya sai an nemi izini. Kada ya roƙi baƙo agogo ko takalmi. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Na biyar, taimakon gaggawa. Baƙon da bai saba da ranarmu ba yana iya faɗuwa. Jagora ya san a kai shi inuwa, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Ya san abin yi in kunama ta harbi mutum, ya san likita mafi kusa, ya riƙe lambar salularsa.

Ba jagora kaɗai ke cin abinci da zuwan baƙi ba. Akwai direba, akwai kuku, akwai mai wanki da mai gyaran ɗakin kwana a otel, akwai maƙeri da baduku masu sayar da kayan hannu. A shekarar 2019, lokacin taron shugabannin ƙasashen Afirka a Yamai, an buɗe sababbin manyan otel-otel, aka nemi samari da ƴanmata. Duk waɗannan ƙananan ayyuka ƙofarsu ɗaya ce: tsabta, amana, cika lokaci, da iya karanta takarda.

RANAR BAƘIN CIKI

Wannan sana'a tana da raunin da ya kamata kowa ya sani. Ranar 9 ga watan Agusta 2020, ƴan bindiga a kan babura suka tare wata mota a jejin Kure. Suka kashe mutum 8: Faransawa 6 ma'aikatan agaji, da direbansu, da jagoransu, wanda shi ne shugaban ƙungiyar jagororin. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Bayan haka aka rufe wurin, Turawa suka ɗauke ƙafa. Magidantan da suka dogara da baƙi suka wayi gari hannu wofi.

Mutanen Agadas sun riga sun ɗanɗana irin wannan. Direbobi da kuku da jagororin Ayar da Tenere sun ga baƙi sun watse da tawayen 1990, suka dawo, suka sake watsewa da na 2007. Baƙo kamar ruwan sama yake, ba mai riƙe shi. Shi ya sa mai hankali ba ya sayar da gonarsa ko bisashensa don ya zama jagora. Ya riƙe kalme da hannu ɗaya, ya riƙe kaye da ɗayan. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, kuma shi ne jarin farko na wannan sana'a.

To, koyon ya tashi a banza ke nan? A'a. Baƙi sun tafi, amma raƙuma suna nan, kuma sai an ƙidaya su, an tsare su. Wanda ya iya rubutu da lissafi yana iya riƙe littafin bankin hatsi na garinsu. Wanda ya koyi tuƙi ko dafuwa, sana'arsa tana tafiya da shi duk inda ya je. Ba ɗan fashin da ke ƙwace ilimi.

RAƘUMA SUN ISO ƘASAR MARAƊI

Wannan labari ya shafi mutanen gabas. A arewacin Dakoro akwai gandun dajin Gadabeji, wanda aka keɓe tun 1955. Da can akwai raƙuman dawa a wurin, amma fari da farauta suka ƙarar da su wajen shekarun 1970. A watan Nuwamba 2018 aka ɗauko 8 daga yankin Kure cikin babbar mota, tafiyar kilomita wajen 800, aka sake su a Gadabeji. A 2022 aka ƙara 4. Har sun fara haihuwa a can. An ɗauki mutanen yankin, aka koya musu bin sawunsu da rubuta abin da suka gani.

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, ga abin lura. Ranar da aka zo neman mai wannan aiki, ƴan gari da yawa sun san daji. Amma wanda za a fara kira shi ne wanda ya haɗa sanin daji da sanin baƙi da fari. Makarantar yaƙi da jahilci tana buɗewa bayan an gama girbi. Uba ya tura ɗansa, miji ya bar matarsa ta je, shi ma ya ɗauki allonsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka.