Gurbin da linzami bai kai gare shi ba

Cikin ayyukan da aka ɗora mini a sashenmu har da tattara sakamakon ɗaliban aji uku, saboda haka a ƙarshen kowane zango nakan shafe kwanaki ina duba jadawalin maki da abokan aiki suka shirya a manhajar Excel. Abin da na lura da shi tsawon shekaru shi ne, da wuya a sami malamin da bai iya lissafi ba. Inda ake samun tangarɗa shi ne wajen zaɓen guraben da za a lissafa.

Malami zai rubuta umarnin tarawa, ya ja linzami a kan makin ɗalibai sittin, yatsansa ya saki a layi na 58. Kwamfuta ba za ta hana shi ba. Za ta tara abin da aka nuna mata, ta fitar da adadi mai kyan gani, ɗalibai uku kuwa an bar su a waje. Wani zai ce shi ya wuce jan linzami, maɓallan Ctrl da Shift da kibiyar ƙasa yake dannawa. Madalla. Sai dai wannan zaɓen yana tsayawa ne a gurbin farko da ya tarar babu komai a ciki, kuma a ajinmu ba a rasa wanda rashin lafiya ta hana shi zama jarrabawa. Gurbinsa ɗaya ya isa ya yanke rabin aji.

Akwai kuma wadda ta fi ba ni ciwon kai. A ce an ajiye kason gwajin aji, 30 cikin 100, a gurbin H1, an rubuta dabarar ɗalibi na farko tana nuni gare shi, sannan aka kwafe ta zuwa ƙasa. Manhajar tana tafiya da adireshin: na biyu zai duba H2, na uku H3, duk wayam, sai maki ya koma sifili. Maganin alamar dala ce, a rubuta $H$1, ko a danna F4, gurbin ya tsaya cak. Ni kuwa abin da na fi koya wa matasan malamai shi ne F2. Da an danna shi, manhajar za ta zagaye guraben da dabarar ta ɗauka da layi mai launi, ido ya ga inda iyakar ta tsaya.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan cutar 'yan koyo ce. A 2010 masana tattalin arziki biyu a Amurka, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, sun wallafa binciken da ya nuna cewa idan bashin ƙasa ya haura kashi 90 cikin 100 na arzikin da take samarwa a shekara, bunƙasarta kan durƙushe. 'Yan siyasa a Turai da Amurka sun kafa hujja da shi wajen tsuke bakin aljihun gwamnati. A 2013 wani ɗalibin digiri na uku a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, Thomas Herndon, ya karɓi ainihin jadawalinsu, ya ga dabarar matsakaici ta tsaya kafin layuka biyar na ƙarshe, ta zubar da Ostareliya, Ostiriya, Beljiyam, Kanada da Denmak. Da shi da malamansa biyu suka gyara wannan tare da wasu matsalolin da suka shafi zaɓen bayanai da yadda aka auna su, sai adadin ya tashi daga ragin 0.1 zuwa ƙarin 2.2 cikin 100.

Abin lura a nan, Herndon ya daɗe yana fama da alƙaluman da aka buga bai gano komai ba, sai da fayil ɗin kansa ya shigo hannunsa. Takarda ba ta nuna dabara, sakamako kawai take nunawa. Amma har gobe a tarukan tantance sakamako takarda ake raba mana, mu bi ta da biro, mu sa hannu, alhali maki biyar na iya raba ɗalibi da matakin digirin da ya wahala a kansa shekara huɗu. Shi ya sa na roƙi sashenmu kowane malami ya riƙa miƙo fayil tare da takarda. Wasu manyanmu sun ɗauki abin a matsayin rashin yarda, har yanzu mutum biyu takarda kawai suke aiko mini, ni kuma in zauna in sake shigar da makin ɗaya bayan ɗaya.