Daga Bè-Kpota Zuwa Zongo Neman Jan Goro

Ɗaurin auren 'yar ƙanwarmu ne ya tashe mu daga Bè-Kpota da sassafe, mu uku, aka ɗora mana nauyin sayo goron da za a raba. Kowa ya san abin da ke cikin wannan aiki: in goro ya fito da sankara a gaban dangin ango, an dinga maganar gidan ke nan har shekara ta kewayo.

Muka hau zemijan, muka bar iskar teku a baya, muka miƙe hanyar arewa har Agoè-Zongo, tafiyar kamar kilomita 15 daga tsakiyar gari. Yaran yanzu suna zaton can Zongo yake tun fil azal. A'a. Tsohon Zongo cikin gari yake, sai a 1977 gwamnati ta rushe shi ta kwashe mutane zuwa nan. Goro kuwa na cikin abin da ya kawo kakanninmu bakin teku. Da yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga a 1892, fatake suka bazu, wasu Kete-Krachi, wasu suka gangaro kudu, Lome kuma ta zama babban birnin Jamusawa a 1897.

Mun tafi da wani dattijo maƙwabcinmu wanda ya yi shekaru yana fataucin goro ta iyakar Aflao. A Faransa akwai mutanen da sana'arsu ɗanɗana jar giyar inabi, su shinshina, su kurkure baki su tofar, su ba ta maki bisa ɗari. Mu wannan ba abin shanmu ba ne, amma wanda ya ga Baba a gaban huhun goro ya san mu ma muna da alƙalanmu.

Aka kwance huhun farko. Bai ko taɓa na sama ba, sai ya zura hannu can ƙasa cikin ganye ya zaro guda. Ya juya shi, ya duba ko akwai ɗan baƙin ɗigo, ya sa babban yatsa ya ɓare. Ɓari biyu ya kamata ya ba da, da ƙara ƙwas. Ya gatsa, ya tauna a hankali, ya nemi ruwa ya kurɓa. Ya ce da mu, “'Ya'yana, ɗacin farko ba kome ba ne, zaƙin da ke biyo bayan ruwa shi ake saye.” Wannan sabon goro ne, ruwa ya yi masa yawa, ya ture shi. Na biyu jawur, manya-manya, marsa sosai, har mun fara murna, sai da aka ɓara uku aka sami tsutsa a ɗaya. Mai goro ya rantse guda ɗaya ce tak. Baba ko kallonsa bai yi ba.

A huhu na huɗu muka tarar da daushe, wato tsohon goro da aka yi watanni ana jiyya, ana sake masa ganye ana tsince ruɓaɓɓu. Bai kai na biyu kyan gani ba, fatarsa ta ɗan dushe, amma ba yauƙi ko kaɗan, tukarsa kuma laushi. Gaskiya mu da bakinmu ya saba da minti ba mu ji bambancin nan da nan ba, sai da ya sa muka sake kurɓar ruwa.

Kuɗinsa ya fi abin da aka ba mu. Muka ja gefe muka yi shawara, ɗayanmu ya ce a cika da alawa da dabino kamar yadda ake yi yanzu, ai matasa ba su cin goro. Baba ya ce ba matasa ne za su karɓi aure ba. Muka rage ƙwarya ɗaya daga lissafi, muka ɗauki ƙwarya huɗu, goro 400 ke nan, kuɗin zemijan na komowa ma sai da shi ya ranta mana.