Limaminmu da agogon shekara 5

Mu Hausawan da ke zaune a Bronx, cikin birnin New York, muna iya haɗa kuɗin hayar masallaci, mu sayi dardumai da lasifika. Abin da kuɗinmu bai iya saye ba shi ne zaman malami. Wanda zai ja mu sallah, ya raɗa wa jariranmu suna, ya sasanta ma'aurata da harshen da suka yi faɗan, galibi sai mun ɗauko shi daga gida, Kumasi ko Kano ko Damagaram. Ƙofar da Amurka ta tanadar masa ita ce bizar R-1.

Dokar shige da fice ta 1990 ce ta samar da ita domin ma'aikatan addini. Dole ya shekara 2 a kan tafarkin da zai yi wa hidima, masallacin ya zama ƙungiyar da ba ta neman riba, aikin kuma kada ya gaza awa 20 a mako. Ana ba shi wata 30, a sabunta, amma jimilla ba ta wuce shekara 5.

Ba mu ga laifin hukuma don ta tsananta bincike ba. Ƙasar da ta ga harin 11 ga Satumba 2001 dole ta duba baƙonta da kyau. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Wani binciken hukumar shige da fice a 2005 ya gano ha'inci a kusan kashi ɗaya cikin uku na takardun ma'aikatan addini da aka duba. Daga 2008 aka riƙa turo jami'ai su ga wurin ibada da idonsu. Mu ma muna so a zo a gani.

Damuwarmu ita ce agogon. Tun 2023 layin neman katin zama na dindindin ya yi tsawon da shekara 5 ba ta isa. Yaro ya saba da malaminsa, ya fara hadda, sai wa'adi ya cika. Limaman Katolika 'yan Najeriya ma suna cikin wannan hali.

In maganar tsaro ake, ga abin da muka lura da shi: matashin da ke da malamin da ya san iyayensa, gare shi yake kai tambayarsa. Ranar da malamin ya tafi, tambayar ba ta tafiya. Wayarsa zai buɗe cikin dare, ya tambayi wanda babu jami'in da ya taɓa tantance shi.