Wuni guda a Asibitin Noma na Sakkwato

Wanda ya ji an ce Asibitin Noma, zuciyarsa gona za ta tafi. Ni ma haka na taɓa zato, shekaru da dama da suka shige. Ashe sunan ba shi da wata dangantaka da garma ko fartanya. Daga wata kalmar Girkanci ya samo asali, mai ma'anar cinyewa, kuma cutar ba ta ƙaryata sunanta ba.

Aikin jami'a ne ya kai ni Sakkwato. Na bi ta Funtuwa da Gusau da Talatar Mafara, na isa da la'asar cikin zafin da mutanen garin suka daina yi wa ƙorafi. Da na kammala abin da ya kawo ni, wani tsohon abokin karatuna da ya zama likita ya ce kada in bar gari da ziyarar Hubbaren Shehu kaɗai, akwai wani wurin da ya kamata malami ya gani.

An buɗe asibitin a 1999, kuma tun 2014 ƙungiyar likitoci ta MSF take aiki tare da hukumomin lafiya a cikinsa, ana yin magani da tiyata kyauta. Na shiga ina tsammanin shiru irin na gidan makoki, sai hayaniyar yara ta tarye ni. Wani yaro ya wuce da gudu, bandeji ya rufe masa rabin fuska, yana bin ƙwallo. Manyan ne suka fi kamewa. Wasunsu sun shekara ashirin ko fiye suna rufe baki da gefen mayafi ko rawani, hannun bai saba da sauka ba tukuna.

Cutar takan kama yaro ɗan shekara 2 zuwa 6, galibi wanda tamowa ta raunana, ko wanda bai daɗe da tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ba. Daga dasashi take farawa: kumburi, ɗan jini, warin baki, yawu yana dalala. Sai kunci ya kumbura, baƙin tabo ya bayyana, nama ya mutu ya zube, wani lokaci har da ƙashi. Duk wannan cikin abin da bai wuce mako biyu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa idan ba a yi magani ba, kusan tara cikin goma ba sa tsira. Waɗanda na gani a tsakar asibitin ragowa ne.

Na zauna kusa da wata uwa da ta zo daga wani ƙauye. Na tambaye ta yadda abin ya faro. Ta ce, "Malam, mu dai ca muka yi iska na." Ciwon iska shi ne sunan da aka fi sanin cutar da shi a ƙauyukanmu, kuma a ganina sunan yana cikin abin da ke kashe yaran. Wanda ya yarda iska ce ta taɓa ɗansa, hayaƙi da rubutu zai nema, kwanakin da maganin kashe ƙwayoyin cuta mai araha zai iya tsayar da ɓarnar kuwa suna ta wucewa. Ban ga laifinta ba. Abin da ta gada ta yi, kuma babu wanda ya taɓa ce mata ta buɗe bakin yarinyar ta duba.

Abokina ya daɗe yana yi mini bayanin tiyatar. Kafin a kai ga gyara, sai an tantance. Ba kowane kumburin muƙamuƙi ne noma ba. Akwai ciwon dajin yara da Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, wanda maganinsa daban ne ƙwarai. Idan an tabbatar, ba a gaggawa. Sai ciwon ya lafa, yaro ya ci ya murmure, sau da yawa bayan watanni. Babbar matsala ita ce tabon da ke ɗaure muƙamuƙi, baki ya ƙi buɗuwa ko da faɗin yatsa. Mai ba da maganin barci yakan zura bututun numfashi ta hanci, yana leƙawa da siririyar na'ura. Sannan a saki muƙamuƙin, a yanko fata da tsoka daga goshi ko ƙirji a gina kunci ko leɓe ko hanci. Mutum ɗaya yakan shiga ɗakin tiyata sau uku ko huɗu, tsakanin kowace shiga da wata akwai jira.

Turai ma ta san noma. Ta ɓace a can yayin da abinci da tsafta suka wadata, ta sake ɓullowa a sansanonin gwale-gwale na 'yan Nazi. A Disambar 2023 aka shigar da ita jerin cututtukan da duniya ta yi wa sakaci, kuma Nijeriya ce ta jagoranci neman hakan. Abin yabo ne, sai dai takardar da aka sa wa hannu a Janiba ba ta leƙa bakin yaro a ƙauye. Ma'aikacin ɗakin shan magani da mai rigakafi da ungozoma ne za su leƙa, in an koya musu abin da za su nema.

Da zan fita na tarar da 'yar matar nan a gindin bishiya, ana koya mata motsa muƙamuƙi. Ana jera 'yan fallayen katako, irin waɗanda likita ke danne harshe da su, tsakanin haƙoranta, ana ƙara ɗaya idan bakin ya karɓa. Uwar ta ɗago mini yatsu bakwai. Ranar da suka zo, in ji ta, cokali ma ba ya shiga.