Agogo: Sarkin Aiki Ko Sarkin Ado?

A shekarar 2018 na ajiye alli, bayan na share shekara 35 ina tsaye a gaban allo. Da kuɗin garatutina suka fito a shekarar da ta biyo baya, abubuwa uku ne ke jiran su. Akwai rufin ɗakin uwargida da yake yoyo duk damina, akwai kayan ɗakin autarmu da aka riga aka sa wa rana, sa'an nan akwai wani tsohon buri nawa da ban taɓa gaya wa kowa ba, wato in ɗaura agogo na kece raini a tsintsiyar hannuna kafin in koma ga Mahaliccina. Mai karatu, ina jin ka riga ka gane wanne na fara da shi.

Wannan buri ya samo asali tun ina yaro. Mahaifina tela ne a Fagge, kuma da ya je aikin Hajji a 1976, tsarabar da ya yi wa kansa ita ce agogo Seiko 5 mai farar fuska. A zamanin nan duk alhajin da ya ci ya tada kai Rado yake ɗaurawa, musamman samfurin DiaStar da aka fara fitarwa a 1962, wanda aka ƙera jikinsa da wani ƙarfe mai taurin gaske da ba ya ƙarcewa. Idan irin waɗannan alhazai suka zo shagonmu karɓar ɗinki, nakan bar ninkin da aka sa ni in tsaya ina kallon yadda agogon yake walƙiya a bakin hannun rigarsu, in kuma dubi na mahaifina in ji kunya ta kama ni. Na ƙudura a raina cewa in na girma, nawa agogon sai an ji labarinsa.

To, ga kuɗi sun zo hannu. Wani aboki ya haɗa ni da wani ɗan kasuwa da yake son rabuwa da agogonsa, ɗan Suwizalan na ainihi, ga takardunsa ga kwalinsa. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, domin agogon bai yi mini laifin komai ba, ni ne na ɗauki kayan da ba nawa ba. Faɗin fuskarsa milimita 44 ne, kaurinsa ya kai milimita 15, yana da ƙananan fuskoki uku a cikin babbar, da maɓallai uku a gefe, ga sarƙa ta ƙarfe mai nauyi kamar mari. Na ɗaura shi na minti biyu a falon mutumin, na kalli madubi, na biya. Da na dawo gida na nuna wa uwargida, sai ta juya shi gaba da baya, ta auna shi a tafin hannunta, ta miƙo mini ta ce, "Malam, Allah Ya sa albarka." Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba. Duk wanda ya zauna da mace shekara talatin ya san irin wannan addu'a.

Gaskiya ɗaya ce, agogon ya yi mini rana sau ɗaya. A wajen ƙaddamar da littafin wani abokinmu aka ba ni sharhi, kuma duk lokacin da na ɗaga hannu don in jaddada magana, ina ganin idanun mutane suna bin hannun. Bayan an tashi, mutum huɗu suka tambaye ni labarin agogon, amma ba wanda ya ce mini uffan game da sharhin da na kwana uku ina rubutawa. A ranar daɗi na ji. Sai daga baya abin ya riƙa dawo mini.

Daga nan zaman yau da gobe ya fara tona asiri. Abu na farko, hannun kaftanina ya ƙi rufe shi, sai dai in bar maɓallin a buɗe ko rigar ta tattare a bayansa. Na biyu, idan na zauna buga rubutu a kwamfuta, makullin sarƙar yakan danne mini jijiya a gefen tebur, kafin in cika shafi biyu hannun ya yi tsami. Na uku kuwa, wanda ya fi damuna, duk lokacin da na kai goshi ƙasa a sujada hannu ya lanƙwashe, sai maɓallin wani ya soke ni a bayan hannu, har wurin ya yi baƙin tabo. Ga alwala sau biyar a rana, kowace sai an kwance an ɗaura. Wata ranar Juma'a na manta shi a kan katangar wurin alwala, ban tuna ba sai da liman ya kabbara. Allah Ya gafarta mini, wannan salla da jikina kawai na yi ta, zuciyata tana kan katanga. Wani ɗan almajiri ne ya tsince shi ya kai wa ladan.

Sannu a hankali na fara barin sa a aljihun tebur, sai in za ni biki ko taro. Nan ma wata matsala ta ɓullo. Agogon otomatik ne, wato akwai wani ɗan ƙarfe a cikinsa mai siffar rabin faifai da yake jujjuyawa idan hannu ya motsa, shi ne yake wana shi. In an ajiye shi ya yi kwana biyu sai ya tsaya cik. Ke nan duk ranar da zan fita kunya sai na zauna na saita lokaci da kwanan wata, ina duba agogon wayata. Ka ji abin dariya: na sayi agogo da kuɗin da za su yi rufin ɗaki har a yi ragowa, ga shi kuma waya ce take gaya masa lokaci.

A farkon 2021 na ɗauke shi na kai wa wani dattijo mai gyaran agogo a Sabon Gari, abokin mahaifina ne tun suna samari. Na ce, "Baba, ko za a rage mini sarƙar nan, wataƙila ita ce take damuna." Ya ɗora gilashinsa a ido ya duba agogon, ya yaba aikin da aka yi masa, sa'an nan ya jawo tef irin na tela ya zagaya tsintsiyar hannuna da shi. Santimita 16 da rabi. Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, kai fa ɗan tela ne. Ka taɓa ganin mahaifinka ya yanka yadi bai yi awo ba? Wannan rigar wani ce ka sa."

A wannan yammaci na yi karatun da ya kamata in yi kafin in fitar da kuɗina. Baba ya nuna mini cewa faɗin fuska ba shi ne babban awo ba. Abin lura shi ne tsawon agogo daga ƙafafunsa na sama zuwa na ƙasa, wato inda maɗauri yake kamawa. In ƙafafun suka wuce faɗin hannu suna reto a iska, agogon zai yi ta zamewa gefe komai matse shi da aka yi. Ga hannu irin nawa, ya ce fuska mai milimita 36 zuwa 39 ta isa, kauri kuma kada ya wuce 12, don ya shige ƙarƙashin hannun riga ba gardama. Game da sarƙa, ya ce a bar sararin da ƙaramin yatsa zai shiga, domin hannun mutum yana kumbura da zafin bazara ya kuma saki da sanyin hunturu. Saboda haka ne ma wasu kamfanoni suke yin makulli mai ɗan ƙari, kamar na Rolex da ake iya buɗa shi da milimita 5 ba tare da kayan aiki ba.

Na tambaye shi maɗaurin fata fa, tunda ya fi sauƙin nauyi? Ya ce fata tana da daɗi, amma mai alwala sau biyar a garin da gumi yake tsiyaya, in ya ɗaura fata, kafin shekara ta zagayo ta yi wari ta tsattsage. Zinare kuwa bai ma shigo lissafinmu ba, tunda addini bai halatta wa namiji ado da shi ba. Saura farin ƙarfe da kuma taitaniyam, wanda nauyinsa bai fi kashi 60 cikin ɗari na farin ƙarfe ba, kuma ba ya cin fatar masu saurin ƙaiƙayi. Ya kuma gargaɗe ni game da rubutun da ake yi a bayan agogo. In an rubuta mita 30, to, yayyafi da fantsamar ruwa kawai yake jurewa. Wanda aka rubuta wa mita 100 shi ne za ka sa a ƙarƙashin famfo hankalinka kwance. Gilashin fuska kuma a nemi na safaya, wanda a ma'aunin taurin duwatsu yake mataki na 9, lu'ulu'un daimon yana na 10, don haka yashi da ƙurar hunturu ba sa ƙarce shi.

Da zan tafi, sai ya tambaye ni ina agogon mahaifina. Na ce yana cikin akwati. Ya ce in je in duba inda maɓallin waninsa yake. Da na isa gida na ciro shi, sai na ga maɓallin a wajen ƙarfe huɗu, a nutse cikin jikin agogon. Ashe tun 1963 da aka fara yin Seiko 5, wannan yana cikin abubuwan da aka san shi da su, don kada ya soki mai shi. Tsohon nan ya yi shekara fiye da ashirin yana taka keken ɗinki yana kai goshi ƙasa da agogon nan, ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Ni ne dai nake jin kunyarsa a madadinsa.

Daga nan na shiga karance-karance, na kuma gano cewa tun asali don sauƙi aka mai da agogo hannu. A 1904 Louis Cartier ya ƙera wa abokinsa Alberto Santos-Dumont, wani matuƙin jirgin sama ɗan Birazil da ke zaune a Faris, agogon da zai ɗaura a hannu, saboda ba ya iya sakin linzamin jirgi ya laluba aljihu don duba lokaci. A 1926 Rolex suka fitar da Oyster wanda ruwa da ƙura ba sa shiga, a 1945 kuma suka fitar da Datejust mai faɗin milimita 36, awon da har yau ake yin sa. Sa'an nan a ranar 25 ga Disamba, 1969, kamfanin Seiko na Japan ya fitar da Astron, agogon hannu na farko mai aiki da dutsen kwaz da batir, abin da ya girgiza masana'antar agogo ta Suwizalan har ma'aikata da yawa suka rasa aikinsu. Bambancin a fili yake. Zuciyar agogon otomatik na zamani takan buga sau 28,800 a awa, wato sau 8 a daƙiƙa, kuma wanda ya ci jarrabawar hukumar gwajin agogo ta Suwizalan an yarda ya yi latti da daƙiƙa 4 ko ya yi gaba da daƙiƙa 6 a rana. Dutsen kwaz kuwa yana karkarwa sau 32,768 a daƙiƙa guda.

Na sayar da ƙaton agogona a wannan shekara, na yi asarar kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da na biya. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Da abin da ya dawo na fara kiran kafinta ya sauya kwanon ɗakin uwargida, wanda ya sha damina biyu yana jira saboda ni. Kayan ɗakin auta kuwa tuni aka yi su da taimakon yayyenta, kuma har gobe in na tuna cewa akwai abin da ya kamata ya fito daga hannuna bai fito ba, sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji.

Burin dai bai mutu ba, sai dai ya yi hankali. A 2022 tafiya ta bi da ni ta Dubai, na shiga wani kantin da ake sayar da agogunan da aka taɓa ɗaurawa. Wannan karon na roƙi mai kantin ya ba ni kujera. Duk wanda na ɗaura sai in lanƙwasa hannu kamar mai sujada, in ja hannun riga a kansa, in ɗora hannun a tebur kamar ina rubutu, in kwance in ɗaura da hannu ɗaya. Na gwada guda shida. Wanda na fito da shi Grand Seiko ne, wato babban yayan na mahaifina, layin da kamfanin ya fara a 1960. Faɗinsa milimita 37, kaurinsa 10, yana jure ruwa mita 100, injinsa kuma na batir ne, samfurin 9F, wanda kuskurensa ba ya wuce daƙiƙa 10 a shekara. Batirin yakan yi kimanin shekara uku.

Wani abokina masanin agogo da ya gan shi ya ce, "Haba Malam, duk kuɗin nan a agogon batir?" Yana da hujjarsa, domin akwai masu son agogo don injin da ke motsi a ciki, kuma ban ga laifinsu ba. Mai ƙaton hannu ma ya ɗaura ƙaton agogo, awonsa ne. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A wajen biki yanzu ba mai bin hannuna da kallo, wanda ya lura ma yakan ce, "Af, Seiko ne," ya wuce. Ni kuwa nakan wuni da shi, in yi rubutu, in yi salla, in ɗauki jikata, har sai dare ya yi zan kwanta sa'an nan in tuna akwai wani abu a hannuna.

'Yan'uwa masu tasowa a harkar rubutu, na san mafi yawanku ba agogo ne a gabanku ba yanzu, kuɗin buga littafin farko kuke nema. Amma na ga ciwon da ya kama ni a cikin rubuce-rubucen da wasunku suke kawo mini dubawa: a ɗauko kalma mai nauyi, ko karin magana uku a jere, a ɗora wa jimlar da ba za ta iya ɗauka ba, don kawai a ce wane ya iya Hausa. Ku riƙa yin awo kafin ku yanka.

Agogon mahaifina kuwa, Baba ya wanke shi ya sa masa mai, yana tafiya har yanzu. Uwargida ce ta karɓe shi ta ajiye, ta ce na babban jikanmu ne in ya gama sakandare. Allah Ya nuna mana.