Daren da Muka Kwana a Jangebe

Uwargida, idan biki ko suna ya kai ki Jangebe, ki tafi da shirin kwana. Garin yana ƙaramar hukumar Talata Mafara, ƙasar da madatsar ruwan Bakolori ke shayar da gonakin shinkafa daga Maradun har Bakura. Duniya ta ji sunansa a Fabrairun 2021, lokacin da aka sace 'yan mata 279 daga makarantar kwana. Shi ya sa ba mai son dare ya yi masa a hanya, ana kuma kulle gida da wuri.

Da bazara muka je. Aka karɓe mu da fura mai sanyi da tuwon shinkafa. Bayan isha'i babu wuta, zafi ya hana yara barci, sai maigidan ya tayar da ƙaramin janareta don fanka. Saboda tsoron ɓarayi ya shigo da shi zaure, ya rufe ƙofa. Tagar ɗakinmu tana kallon zauren.

Cikin dare na farka kaina na sarawa, autana yana amai. Na ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne, sai na ji 'yar uwata ma tana kukan jiri. Wata ma'aikaciyar jinya cikin 'yan biki ta ce a kashe injin, kowa ya fito tsakar gida. Allah Ya taƙaita.

Ta yi mana bayani cewa a cikin hayaƙin akwai iska mai guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi. Tana kama jini fiye da iskar da muke shaƙa sau 200 ko fiye, mai barci kuwa ba ya jin shigarta. A Amurka ma takan kashe masu yawon buɗe ido da ke kwana a motoci masu ɗaki da gado.

Don haka, 'yar uwa, kafin ki shimfiɗa wa yara tabarma a gidan da kika sauka, ki duba inda janareta yake. Ya zama a fili, kamar mita 6 daga ƙofa da taga, bakin salansa yana kallon waje. Idan ana tsoron sata, a ɗaure shi da sarƙa da kwaɗo. Kada ki bar yara su yi barci cikin mota a rufe injin yana aiki, haka ma garwashin gawayi a ɗaki da hunturu. Idan mutum biyu sun tashi da ciwon kai a ɗaki ɗaya, ku fita iska nan take, ku nufi asibiti.

Kada kunyar baƙunta ta hana ki magana.